Yadda Ake Zaɓen Bindiga Mai Sakata, Mai Sauƙin Kuɗi, Don Farautar Aladun Daji a Teksas

Ranar da na fara ganin ɓarnar aladun daji da idona, a gonar wani dattijo ce a gabashin jihar Teksas ta Amurka. Ya shuka masara, bayan kwana biyu muka je da asuba muka tarar aladu sun bi kunya-kunya sun tone irin tas, kamar wanda ya ja layi da igiya. Gefen gonar kuma, inda ciyawar shanunsa take, ƙasar ta birkice kamar an shiga da garmar tarakta cikin dare. Dattijon bai ce komai ba, ya cire hula ya riƙe a hannu. Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san irin wannan shirun.

Kakannin waɗannan aladu na gida ne. Turawan Sifaniya suka shigo da su, ciki har da ayarin Hernando de Soto da ya sauka Florida a 1539, daga baya aka kawo na dajin Turai don farauta, suka gauraya. Yau an ƙiyasta sun haura miliyan 6 a Amurka, a jihohi aƙalla 35, kuma Teksas kaɗai tana da kimanin miliyan 2.6. Mace tana ɗaukar ciki na kwana 115 ko kusa da haka, tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Shi ya sa manoma ke maraba da duk wanda zai zo ya rage musu su, muddin ya san abin da yake yi.

Ni ba na cin naman, kuma na san yawancin masu karanta wannan ba sa ci. Kare amfanin gona ne ya kai ni. Amma kasancewar dabba alade ba ta halatta a azabtar da ita ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisan. Wannan ne ma'aunin da nake auna kowace bindiga da shi: shin za ta bar ni in kashe nan take, ko kuwa zan raunata dabba ta shige ƙaya ta kwana tana nishi?

Mataki na farko: ka san matsayinka a gaban doka

Maganar Amurka nake yi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 daban take, ba a riƙe irin wannan bindiga sai da lasisi, wasu ma haramun ne ga farar hula gaba ɗaya. Kada wani ya ɗauki abin da ke nan ya ce haka yake a Kano ko Maraɗi.

A Amurka, in ka je shagon dillali mai lasisi, za ka cike fom mai lamba 4473, a binciki tarihinka, kuma sai ka kai shekara 18 kafin a sayar maka da doguwar bindiga. Ɗan ƙasa da mai takardar zaman dindindin suna iya saye. Wanda yake kan bizar karatu ko ta ziyara kuwa, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai a wasu 'yan halaye, ɗaya daga ciki shi ne ya kasance yana da lasisin farauta mai aiki. Ɗalibanmu su kula da wannan sosai, domin kuskure a nan yana iya cinye biza da karatu baki ɗaya. Kuma kada ka taɓa sa wani ya saya maka da sunansa. Laifi ne babba a kanku duka biyu.

Tun 1 ga Satumba 2019, a Teksas ba a buƙatar lasisin farauta don harbin aladun daji a filin wani, in dai mai filin ya yarda. Babu lokacin buɗewa ko rufewa, babu iyakar adadi. A filin gwamnati kuwa sai da lasisi. Shawarata ka yi kwas ɗin koyar da mafarauta ko da babu wanda ya tambaye ka takardarsa, kuma ka karɓi izinin mai gona a rubuce.

Mataki na biyu: kasa kuɗin tun kana gida

Nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe, ni ma a nan na yi nawa. Mutum yana da dala 900, sai ya zuba 850 a bindiga, ya ɗora mata madubin saiti na canjin da ya rage. Ya sayi doki bai bar kuɗin linzami ba ke nan.

In ni ne da wannan 900 ɗin, bindiga ba za ta ci fiye da rabi ba. Madubin saiti da zobban da ke riƙe shi su ci 200 zuwa 250. Sauran ya tafi a harsashi, da maratayi, da abin toshe kunne, da akwati mai makulli. Farashi yana hawa yana sauka, amma rabon bai kamata ya canza ba.

Dalilin da ya sa nake cewa mai sakata shi ne wannan. Bindiga ce da kai ne kake ɗaga hannun sakatar, ka ja baya kwanso ya fita, ka tura gaba sabon harsashi ya shiga, ka danna ƙasa ta kulle, kamar dai sakatar ƙofa. Kayan cikinta kaɗan ne, ba ta cika sarƙewa ba, tana jure ƙura da taɓo, kuma a farashi ɗaya ta fi mai sarrafa kanta, wato wadda ke ɗura sabon harsashi da kanta bayan kowane harbi, daidaiton saiti a mafi yawan lokuta. Gaskiya ne in garke ya watse mai sarrafa kanta ta fi saurin harbi na biyu da na uku. Amma ga mai koyo, wannan jinkirin na sakata alheri ne. Yana tilasta maka ka ba harbin farko haƙƙinsa.

Mataki na uku: zaɓi harsashi kafin bindiga

Bindiga bututu ce kawai, harsashi ke aikin. Kuma alade ba barewa ba ne. Yawancin waɗanda za ka haɗu da su suna tsakanin kilo 45 zuwa 90, amma akwai tsofaffin maza da ke haura 130. Tsohon namiji yana da wata garkuwa ta fata mai kauri da tauri a kan kafaɗa, wadda yake tare hauren 'yan uwansa da ita in suna faɗa. Ka haɗa da busasshen taɓon da yake birgima a ciki, da ƙashin kafaɗa. Harsashin da zai tarwatse da zarar ya taɓa wannan ba zai isa huhu ba.

Ba zan yi ta zagaye ba: ka sayi bindiga mai cin harsashin da ake kira .308 Winchester. Tun 1952 yake kasuwa, babu shagon ƙauyen da za ka shiga a Teksas ka rasa shi, kamfanoni da yawa ke yin sa don haka farashinsa da dama, kuma dukan da yake yi wa kafaɗa matsakaici ne. Mai nauyin giren 150, wato kusan giram 10, yana fita da gudun ƙafa 2,800 da ɗoriya a daƙiƙa. Ya ishi kowane alade da ke yawo a nahiyar.

In ka sami .30-06 ko .270 Winchester a farashi mai kyau, kada ka ƙi. Tsofaffin hannu ne, na farko tun 1906, na biyu tun 1925. Sai dai .30-06 a bindiga maras nauyi yana dukan kafaɗa, kuma wanda ya fara jin tsoron bindigarsa zai riƙa runtse ido kafin ya ja kunama, saiti ya lalace. Mai ƙaramin jiki, ko matashi, ko mace da ke son dukan ya yi sauƙi, 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007 zai yi masa daidai. Shi ma .243 Winchester yana kashewa, amma ba ya yafe kuskure a kan babban namiji. Wanda duk farautarsa a cikin sarƙaƙiyar daji ce, ƙasa da yadi 150, yana iya duba .350 Legend ko 7.62x39.

Za ka ji masu cewa da ƙaramin harsashin nan .223 suka kashe ɗaruruwa. Ba ƙarya suke yi ba, amma mutane ne da ke iya sa harsashi a bayan kunne kullum. Kai ba ka kai nan ba tukuna.

Sannan kan harsashin. Kada ka yi farauta da mai rufaffen kai na atisaye, duk da arharsa. Huda yake yi ya wuce, ramin ƙarami, dabbar ta gudu da shi. Nemi mai taushin kai wanda ke buɗewa amma ya riƙe jikinsa, irin su Federal Fusion, ko Remington Core-Lokt, ko na jan ƙarfe zalla irin Barnes TSX. Kuma ka karanta sunan harsashin da aka zana a jikin bututun bindigarka, shi kaɗai za ka sa mata. Harsashin .300 Blackout yana iya shiga bindigar .223, in aka ja kunama kuwa bindigar ce za ta fashe a fuskar mai ita.

Mataki na huɗu: bindigogin da suka cancanci dubawa

Abin farin ciki, masu arhar yanzu sun fi masu tsadar da can daidaito. Injinan zamani sun rage tazarar. Inda ake tsuke kuɗi shi ne ƙotar roba da ƙyalli da laushin sakata, ba bututu ba.

Ruger American, wadda ta fito a 2012, ita nake fara nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Hannun sakatarta ba ya ɗagowa sama sosai, digiri 70 ne, don haka yatsa ba ya gugar madubi. Ana iya sassauta kunamarta. Akwai samfurinta mai suna Ranch mai bututu inci 16, gajeriya, mai daɗin fita da ita daga mota ko kutsawa cikin sarƙaƙiya. Sabuwar fitowarta ta biyu ta fi kyau amma ta fi tsada.

Savage Axis tana cikin mafi arha. In za ka saya, nemi wadda ke da kunamar da suke kira AccuTrigger, domin ta farkon fitowa kunamarta na da nauyi. Mossberg Patriot da Winchester XPR duka suna aiki lafiya. Howa 1500 kuwa 'yar Japan ce, ƙarfe ne sosai a jikinta, ta fi sauran nauyi, amma nauyin yana shanye duka, kuma irin bindigar da ɗa zai gada ce. Tikka T3x ta ƙasar Finlan sakatarta kamar an shafa man shanu, sai dai ta fita daga layin masu arha. In aljihunka ya kai, ba za ka yi nadama ba. In bai kai ba, aladen ba zai san bambanci ba.

Kada ka raina ta hannu. A shagunan jingina ana samun bindigogin da aka harba kwali biyu aka ajiye shekara goma. Cire sakata, ka ɗaga bututun ga haske ka leƙa: layukan ciki su fito tsaf, babu tsatsa, babu ramuka. Duba bakin bututu ko ya taɓa buguwa, domin ɗan lotsawa a nan yana watsa saiti.

Mataki na biyar: riƙe ta a hannu kafin ka biya

Wannan ba a yin sa a intanet. Je shago. In an miƙo maka bindiga, ko da mai shagon ya buɗe ta a gabanka, kai ma ka buɗe sakata ka leƙa ka tabbatar babu komai, bakin yana kallon inda babu mutum.

Rufe ido ka ɗaga ta zuwa kafaɗa, ka kwantar da kunci a kan ƙota, sannan ka buɗe ido. In sai ka miƙa wuya ko ka takure kafin idonka ya hau layin bututu, ba taka ba ce. Yawancin ƙotoci an yanka su ne don ƙato, tsawon inci 13 da rabi ko fiye daga kunama zuwa gindi. In hannunka gajere ne, tambayi samfurin da aka rage wa tsawo. Babu abin kunya a ciki.

Ja sakatar sau goma tana kafaɗarka, ba tare da ka sauke ba. Ɗan ƙaiƙayi ba komai, zai lafa da amfani. In tana cijewa ne in ka ja da sauri, ajiye ta. Nemi izini ka ja kunama babu harsashi. Kunama mai kyau tana tsinkewa ne lokaci guda kamar an karya tsinke, ba ta jan ƙafa.

Sai gwajin takardar dala. Zura takardar tsakanin bututu da ƙotar gaba, ka ja ta zuwa baya. Ya kamata ta wuce ba tare da ta maƙale ba, alamar bututun ba ya taɓa roba. Sannan ka matse gaban ƙotar da hannu. In da ɗan matsi kaɗan ta lanƙwasa ta taɓa bututu, to ranar da ka jingina ta a kan shinge harsashi zai sauka wani wuri daban. Wannan ne babban aibin bindigogi masu arha, kuma da shi nake raba gardama tsakanin guda biyu.

Tsawon bututu inci 18 zuwa 22 ya isa. In akwai mai zare a baki, ɗauke ta, ko ba yanzu ba wata rana za ka so ɗaura abin rage ƙara, wanda shi ma yana da tasa rajistar ta gwamnatin tarayya.

Mataki na shida: madubin saiti

Bindigata ta farko da madubinta aka haɗo ta a kwali ɗaya. Na yi murna na sami garaɓasa. Na saita shi, ya yi kyau. Bayan sati uku na girgizar bayan mota a hanyar gona, wata magariba wani namiji ya fito bakin rafi, bai kai yadi 70 ba. Na ɗora saiti a kafaɗa na ja. Ya yi ƙara, ya ja ƙafafun baya ya faɗa cikin ƙaya. Ni da dattijon muka bi jini da tocila fiye da awa biyu kafin muka same shi da rai muka ƙarasa shi. Washegari na harba a takarda, na ga saitin ya kauce fiye da taƙi guda. Laifina ne da ban sake gwadawa ba kafin in fita, amma madubin ma ba abin dogaro ba ne. Ban yi barcin kirki ba daren nan.

Aladu da magariba da asuba da dare suke fitowa, musamman lokacin zafi, domin ba su da hanyar yin gumi sosai. Saboda haka abin da kake bukata gilashi ne mai tara haske, ba mai kusanto da nesa ainun ba. Mai 3-9x40 ko 2-7x, wato mai kusanto da abu ninki 3 zuwa 9 ko ninki 2 zuwa 7, ya wadatar, kuma ka bar shi a ƙaramar lamba kullum. In alade ya ɓullo a yadi 20 madubinka yana kan 9, gashi kawai za ka gani. Vortex Crossfire II, da Leupold VX-Freedom, da Burris Fullfield duk suna cikin masu sauƙin kuɗi da ke riƙe saiti. Madubin da ke ganin zafin jiki cikin duhu yana da daɗi, amma kuɗinsa ya ninka na bindigar. Bar shi sai gaba. Fitila mai koren haske ko ja za ta fara maka.

Sayi zobba masu kyau, kuma kada ka ɗaure su da ƙarfin tuwo. Akwai ma'aunin da kamfani ya rubuta, yawanci ɗan kaɗan ne. Wuce shi yana lotsa madubin.

Mataki na bakwai: saita ta, ka san ta

Kafa bindiga a kan buhunan yashi, cire sakata, leƙa ta cikin bututu har ka ga tsakiyar takarda a yadi 25. Ba tare da ka motsa ta ba, murɗa maɓallan madubi har gicciyen saitin da ke cikinsa ya hau wannan tsakiyar. Mayar da sakata, harba ɗaya, gyara. Sai ka koma yadi 100, kusan mita 91, ka harba uku a natse. Tsakiyar ukun za ka duba, ba wanda ya fi maka daɗi ba. A yawancin madubai kowane ƙas ɗaya da maɓallin ya yi in ka murɗa yana matsar da inda harsashi ke sauka rubu'in inci a wannan nisa, wato ƙas huɗu inci ɗaya. Bar bututu ya huce tsakanin harbi, domin siririn bututun masu arha yana saurin zafi ya fara watsawa.

Gwada iri biyu ko uku na harsashi, duk masu lambar da ke jikin bututunka. Kowace bindiga da wanda take so, ko da kamfani ɗaya ya yi su rana ɗaya. Wanda ya fi taruwa, sayi kwalaye da yawa nasa ka tsaya a kansa. In ukun suna faɗawa cikin inci ɗaya da rabi, ka gama da tebur. Tashi ka koyi harbi a zaune, a durƙushe, da kan sandar dogarawa. Nisan da za ka iya sa biyar cikin biyar a faifan takarda, shi ne iyakarka a daji.

Inda ake harbi kuma ya bambanta da na barewa. Zuciyar alade tana ƙasa, huhunsa yana can gaba tsakanin kafaɗu. Wanda ya harbi bayan kafaɗa sosai, hanji ya samu. In ya ba ka gefe, bi ƙafar gaba da ido zuwa sama, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na jiki daga ƙasa. Harbin bayan kunne yana kayarwa nan take, amma sai yana tsaye cak kuma kusa. Da ka harba, ja sakata nan da nan, idonka na kansa. Kada ka tunkari wanda ya faɗi ta gaba, haurensa yana yanka kamar aska. Kafin duk wannan kuma, ka san abin da ke bayansa. Maraƙi baƙi da alade baƙi kamarsu ɗaya da magariba, kuma harsashin .308 da ya kuskure yana tafiyar kilomitoci.

Idonsu ba shi da ƙarfi amma hancinsu ba a magana, don haka iska ta riƙa bugun fuskarka in kana matsowa. In za ka ja gawa, sa safar hannu ta roba, domin suna ɗauke da cutar bakkale da ke kama mutum, da wata da ke kashe karnuka. Tambayi mai gona tun farko inda yake so a kai su, ko kuma in akwai maƙwabcin da ke so.

Abu na ƙarshe da ya kamata ka faɗa wa mai gonar da bakinka: bindiga kaɗai ba za ta raba shi da aladu ba. Masana a Teksas sun ƙiyasta sai an cire kusan kashi biyu cikin uku kowace shekara kafin adadinsu ya tsaya inda yake. Babban tarkon shinge mai kama garke guda ya fi harbi tasiri nesa ba kusa ba. Aikin bindiga shi ne tsofaffin mazan da suka gane tarko, da kuma korar garke daga gona a makonnin shuka da na nunar masara. Dattijon nan yanzu yana da tarko biyu a bakin rafi, ni kuma yakan kira ni ne in masara ta fara fitar da gemu.